An ce in sassaƙa mai kan giwa, in bar idanun a shafe

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni masassaƙi ne, gado na yi, kakana turmi da akushi yake yi a ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Yanzu shekara tara ina Legas, ina da rumfa a kasuwar da baƙi ke zuwa sayen tsaraba. Wani Ba'indiye da ya daɗe yana sayen akwatuna da kujeru a hannuna ya kawo mini hoton wani abu: jikin mutum mai tumbi, kan giwa, hannu huɗu, haure ɗaya a karye, ga ɓera a gindinsa. Ya ce sabon gida zai tare, yana so in fitar masa da shi da maɗaci, ado ne na falo. Kuɗin ya kai abin da nake samu a wata huɗu, ya kuma ba da kafin alƙalami. Sharaɗinsa ɗaya: kada in taɓa idanun, in bar gurbinsu a shafe. Na ɗauke shi kamar sauran giwayen da muke yi, har na fitar da kai da jiki, sai hankalina ya ƙi kwanciya. Wani malami a unguwarmu ya ce babu laifi, domin Allah bai halicci abu mai wannan siffa ba balle a ce na kwaikwayi halitta, kuma tunda ba ido ai naƙasasshe ne. Abokina kuma ya ce na riga na kafirta. Matata na da tsohon ciki, haya ta kusa ƙarewa. Mene ne hukuncina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, bari in fara sauke maka abin da ya fi maka nauyi: ba ka kafirta ba. Wanda ya ɗauki gizago don neman kuɗin haya, bai yarda abin da yake sassaƙawa yana amfanarwa ko cutarwa ba, har zuciyarsa ta hana shi barci, ba a fitar da shi daga Musulunci. Abokinka ya yi azarɓaɓi, ka gaya masa ya kama bakinsa, kafirta Musulmi ba abin wasa ba ne. Amma aikin da ka fara haramun ne, bai halatta ka ƙarasa shi ba, kuɗinsa ma bai halatta gare ka ba.

Sharaɗin idanun nan da ka ambata a tsakiyar tambaya, shi ne dukan tambayar. Abin da ke cikin hoton Ganesha ne, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar mabiya addinin Hindu. A wajensu shi ne mai kawar da cikas, shi ake fara kira idan za a buɗe shago, ko a ɗaura aure, ko a tare a sabon gida. Ka ga ke nan tarewar da mutumin ya faɗa maka ba ta zo a banza ba. A al'adarsu kuma sassaƙe ba ya zama abin bauta sai an yi masa bikin da suke ɗauka na shigar da rai ne, kuma buɗe ido yana cikin manyan rukunan wannan biki, shi ya sa ake jinkirta idanun sai ranar. Wanda ke son ado yana so a kawo masa abu a kammale ya ɗora a kan kanta. Wanda ya ce a bar masa idanu, akwai wanda yake jira ya zo ya buɗe su. Ban ce ƙarya ya yi maka don mugunta ba. Mai yiwuwa ya san kai Musulmi ne, ya sassauta maganar don kada ka ji nauyi. Amma shari'a tana aiki da alama bayyananna ko da baki ya faɗi wani abu dabam.

Kada kuma ka ce ai ice ne kawai, gumakan gaske na dutse ne ko tagulla. A babban wurin bautar Jagannat da ke garin Furi a jihar Odisha ta ƙasar Indiya, gumakan na icen darbejiya ne, itaciyar nan da muke zama a inuwarta wadda asalinta ma daga can ne. Lokaci zuwa lokaci suna sassaƙa sababbi su binne tsofaffin, an yi haka a 1996 da 2015. Masassaƙi a wurinsu mai hidimar bauta ne, ba leburan ado ba.

Haramcin yin gunki don a bauta masa da sayar da shi, babu saɓani a kai. Hadisin Jabir na shekarar buɗe Makka ya haɗa shi da giya da mushe da alade, ya wadatar.

Maganar malamin unguwarku ce take buƙatar a tsaya a kanta, domin tana da kamar ƙamshin fiƙihu, kuma irinta ce ke ruɗar mutanen kirki. Ya gauraya babi biyu ne. Babi na farko shi ne surantawa, wato yin siffar mai rai. A nan ne malamai suke maganar kwaikwayon halitta, da inuwa (wato siffar ta zama mai jiki, ba zane a shimfiɗe ba), da cikar gaɓoɓi. Babi na biyu shi ne yin abin bauta. A nan ba a tambayar da me ya yi kama. Lata dutse ce a Ɗa'ifa. Uzza itatuwa ce a kwarin Nakhla. Ba su yi kama da mutum ko dabba ba, amma da Annabi (SAW) ya samu iko sai da ya aika aka rushe su. Da Ba'indiyen nan zai kawo maka gungume ya ce ka goge masa shi sumul zai riƙa yi masa sujada, da gogewar ta haramta, alhali gungume ba ya kwaikwayon kowa. To ina ga wanda aka yi wa kai da hannu?

Ko a babin farkon ma maganar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Kan giwa halittar wa ce? Tumbi da yatsu fa? Ɓeran da ke gindinsa, cikakken ɓera ne da ka san irinsa a rumbu. Haɗa gaɓar wannan da ta wancan bai fitar da mutum daga kwaikwayo ba, ƙari ma ya yi. Malaman Shafi'iyya sun faɗe shi ɓaro-ɓaro, cewa siffar mai rai haramun ce ko da ba ta da tamka a duniya, har suka buga misali da doki mai fukafukai. Na san inda za a fake: hadisin Nana A'isha da ke cikin Abu Dawud, lokacin da Annabi (SAW) ya ga doki mai fukafukai biyu cikin 'yan tsananta, ya tambaya, ta ce ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba, ya yi dariya. Hadisin gaskiya ne, amma rangwamen don wasan yara ne ba don fukafukan ba. 'Yan tsanan da ke kusa da dokin ai siffar mutane ce, su ma an bar su. Abin da yarinya ke jefarwa a tsakar gida kaza ta bi ta kansa, ta yaya za a auna shi da abin da ake kunna wa fitila, a rataya masa furanni, a sunkuya a gabansa? Wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya ko sau ɗaya ya san wurin da nake nufi.

Saura batun naƙasa. Gaskiya ne a mazhabarmu ta Malikiyya ana sharɗanta abu uku kafin siffa ta haramta: ta zama mai inuwa, gaɓoɓinta su cika, a yi ta da abin da ke daɗewa. Amma Shehu Dardir, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabar, ya bayyana wace naƙasa ake nufi: rashin gaɓar da mai rai ba zai rayu in babu ita ba, kamar a cire kai. Makaho kuwa yana rayuwa, yana aure, yana haihuwa. Sannan wannan ba naƙasa ba ce, jinkiri ne. Kai ka yi mai wuyar, ka bar wa wani ƙarashen da bai wuce na minti kaɗan ba. Wanda ya gina ɗaki ya bar ƙofa ba a ce bai yi gini ba. Masu tarihi sun ambata cewa Hubal, babban gunkin Ƙuraishawa, hannunsa na dama a karye yake, suka ƙera masa na zinariya. Karayar hannun ba ta tsirar da shi ba ranar da aka kakkarya gumaka 360 da ke kewaye da Ka'aba a shekara ta 8 bayan hijira. Ina kyautata wa malamin nan zato, wataƙila ba ka faɗa masa dalilin barin idanun ba, tunda kai ma ba ka sani ba. Ka koma ka faɗa masa a keɓe, cikin ladabi.

Abin da za ka yi yanzu: ka ajiye gizago, ka tuba, ka mayar da kafin alƙalami. In ka riga ka taɓa kuɗin, bashi ne a kanka, ka nemi ya yi maka haƙuri ka biya a hankali, ko ka yi masa wani aiki na halal a madadinsa in ya yarda. Kada ka miƙa masa rabin aikin, wani zai kai wa ya ƙarasa. Ka sare kan, ka ɓata siffar. Icen kansa ba najasa ba ne, ka fitar da akushi ko ƙaramar kujera ka sayar. In shi ya sayi maɗacin, ka biya shi kuɗin icensa. Kuma na san halin kasuwa: wani zai ce ka tura wa maƙwabcinka wanda ba Musulmi ba, ka ci la'ada. Wannan ma a'a, mai nuna hanya yana da kaso.

Mutumin nan kuma kada ka wulaƙanta shi. Shekara da shekaru yana ciniki da kai bai cuce ka ba, Allah bai hana mu kyautata wa irinsa ba, ya ma hana mu zagin abin da suke bauta wa a Suratul An'am. Ba wa'azi za ka je yi masa ba. Ka ce, "Maigida, addinina bai ba ni damar wannan aiki ba, ga kuɗinka, ka yafe mini ɓata lokaci." Ba baƙon abu ba ne a kunnensa, ya fito daga ƙasar da Musulmi suka haura miliyan 170. Wataƙila ya ce to ka yi masa ɗan akwatin da ake ajiye gunkin a ciki, mai rufi kamar ƙubba. Shi ma ka ƙi, ɗakin bauta ne. Ƙofa, gado, teburin cin abinci, allon madubi, duk ka yi masa, ka kuma ƙure gwaninta.

Akwai wata kalma da ta suɓuce maka wadda ba ka tambaye ni a kanta ba, amma ba zan wuce ta ba: "sauran giwayen da muke yi". Giwa da raƙumin dawa da 'yar Fulani mai ƙwarya a ka, waɗanda baƙi ke saye, ba su kai gunkin bauta muni ba, amma cikakkiyar siffa ce mai inuwa ta ice, mazhabobin nan huɗu sun haramta ta. Su ne suka sa hannunka ya saba, har aka kawo maka wannan ba ka ji ɗar ba sai da ka yi nisa. Wani mai irin sana'arka ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da wannan yake ci, da ya ji hadisin azabar masu surantawa sai fuskarsa ta sauya. Ibnu Abbas bai ce ya bar sana'a ba, ya ce in dole ne ya yi itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Ka dubi garin Saharanfur a jihar Uttar Firadesh ta Indiya: ya yi suna a duniya da sassaƙa, yawancin masu aikin Musulmi ne, kuma abin da ya ɗaga su furanni ne da ganyen inabi da asabari na katako mai huda-huda da ake raba ɗaki da shi. Kai ma kana da naka a gida. Dagi, da zanen da ke jikin ƙwarya, da na bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, da ƙirar allo da kujerar tsakar gida, baƙon da ya zo neman tsarabar Najeriya ba zai same su a wani wuri ba. Ban ce ka kwashe rumfarka ka ƙone yau ba, na ce daga yau kada ka fara sabuwa, waɗanda ke nan ka cire musu kai ko ka sauya su, yaranka na shago kuma ka koya musu zane tun hannunsu bai ƙage ba.

Batun haya da haihuwa, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka je wa mai gidan tun kafin wa'adi ya cika, ka kuma sanar da shugaban 'yan kasuwarku halin da kake ciki. Wanda bashi ya kama ta hanyar gudun haram yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Allah ya sauki iyalinka lafiya.

Wallahu a'alam.