Zanen da ba mutum, ba dabba: me ake kallo a cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na shiga Artists Alliance Gallery da ke La, na ga zanen da ba komai a ciki sai launi biyu ko uku. Me zan kalla? Na gwada nawa a gida, ya koma kamar taɓo. Daga wani ɗalibi a Nima, Accra.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Idonka ya riga ya saba da irin wannan zane. Zayyanar allon sauka ba hoton kowa ba ce, amma kana gani ka san wadda ta yi kyau.

Ka tsaya kamar taku biyar daga zanen, ka lura da launin da ya fara jan idonka. Sannan ka matso, ka duba bakin da launi biyu suka haɗu, domin nan aikin yake. Ja kusa da kore yakan ƙara wuta, kusa da ruwan goro kuwa sai ya lafa. Ablade Glover, wanda ya kafa wurin da ka je, da wuƙar fenti yake aza launi da kauri: a kusa ɗigo-ɗigo ne, ka ja baya sai kasuwa ta fito. Marigayi Atta Kwami, da ya koyar a jami'ar KNUST a Kumasi ya rasu a 2021, shi yawanci layuka da murabba'ai yake jerawa, kuma a ganina wajensa ya fi dacewa mai koyo ya fara.

Taɓon da ka samu, cakuɗa launuka masu gaba da juna ne ya jawo shi: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya. Su zauna gefe da gefe, kada su haɗu a buroshi. Ka tsaya a launi uku da fari. Ka ba ɗaya fiye da rabin kyallen da kake zane a kai, na biyu ya bi, na uku ɗan kaɗan, don in ka raba daidai ido ba ya samun wurin sauka.

Kafin ka soma zane, ka fara shafa wa kyallen farin fenti na share fage sau biyu. Fentin akirilik, irin wanda ake sirkawa da ruwa, yakan bushe cikin minti 20 zuwa 30, da hunturu ma bai kai haka ba, kuma yana ƙara duhu in ya bushe, saboda haka ka gwada a takarda tukuna. Kada ka ɗora sabon shafi sai na ƙasa ya bushe sarai. Da damina kada ka jingina kyallen da bango mai danshi, fumfuna za ta kama bayansa.