Abin da ya sa tulunka ya fito dabbare-dabbare

Ka ce ka zagaye tulun laka da hotuna, Metashape, manhajar da ke gina siffa daga hotuna, ya haɗa maka siffar 3D lafiya lau, amma da ka ɗora mata fata, wato launin da ke lulluɓe siffar, sai ga gefe ɗaya ja-ja, ɗaya ya koɗe, ga layi a tsakani. To ɗana, ba laifin manhaja ba ne. Fatar nan daga hotunanka ake yanko ta guntu-guntu a ɗinke, in ƙyallayen ba launi ɗaya ba ne dole ɗinkin ya fito.

A otomatik ka bar kyamara. Kana zagayawa, in ta hango farin bango ta rage haske, in ta shiga inuwa ta ƙara, ma'aunin fari ma sai canzawa yake yi. Mayar da ita kan M, wato saitin hannu: ISO 100, f/8, saurin ɗauka ɗaya daga farko har ƙarshe, ma'aunin fari ka kafe shi wajen 5500K in da hasken rana kake aiki. Kuma a RAW za ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. JPEG bit 8 ne kawai, da ka matsa masa gyara sai launin ya rarrabe layi-layi.

Kafin ka soma, jingina kati mai launin toka na kashi 18, ko ColorChecker, katin launuka mai gida 24, a jikin tulun ka ɗauke shi. A manhajar gyaran hoto, darktable ko Lightroom, ka daidaita fari daga gidan tokar, sannan ka kwafa wannan gyaran ɗaya kan hotunan duka. Kada ka bi su ɗai-ɗai kana gyarawa da ido, ido maƙaryaci ne. Duhun da lensi ke bari a kusurwoyin hoto ka cire shi, amma lanƙwasar lensi ka ƙyale ta, kuma kada ka datse hoto, don da su manhaja ke lissafa inda kyamara ta tsaya.

Sai haske. Ranar tsakar Kaduna inuwarta kaifi gare ta, shiga ƙarƙashin rumfa. Hazon hunturu yana tausasa haske, ya fi damina da gajimare ke rufe rana yana buɗewa kana tsakiyar aiki. A ɗaki kuwa kada ka haɗa hasken taga da na ƙwan lantarki. In NEPA suka ɗauke wuta haske ya canza, sake ɗaukar katin, ka ware hotunan bayan nan ka gyara su daban.

Bayan siffa ta ginu, kafin ka yi fata, shiga Tools a Metashape ka danna Calibrate Colors, mai daidaita launin hotuna, ka zaɓi har da ma'aunin fari. Wuraren da hotuna suka hau kan juna yake kwatantawa, saboda haka kowane hoto ya rufe kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Wajen zaɓar yadda za a haɗa hotunan su zama fata, bar shi a Mosaic. Zaɓin Average yana ɓoye layin, amma zanen wuyan tulun zai dusashe.

Inuwar da ta kwanta a jikin tulu da ƙyallin da ke bin kyamara, waɗannan Calibrate Colors ba ya cire su. Naka na da duka biyun, don haka gobe da safe ka sake ɗauka.