Ana yanka filaye, itatuwan unguwarmu na ƙarewa: me za mu yi da kanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wata sabuwar unguwa a bayan garin Birnin Kebbi, ta hanyar Kalgo. Da gonaki ne, yanzu an yanka su fuloti-fuloti, kuma duk wanda ya zo gini sai ya fara da sare itacen da ya tarar. Bara ƙungiyar matasanmu ta dasa itatuwa a bakin hanya, amma awaki da zafin bazara suka kashe kusan duka. Tsuntsayen da muka saba gani ma sun yi ƙaranci. Me mu mutanen unguwa za mu iya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka muku da alheri, Malam, kai da matasan nan. Shawarata ta farko ita ce ku ɗan dakata da sabon dashe, ku juya ga itatuwan da ke tsaye. Tsamiya ko ɗorawar da kuka tarar a tsohuwar gona ta fi yawancinku shekaru, kuma duk dashen da za ku yi bana ba zai ba da inuwa irin tata ba sai 'ya'yanku sun girma.

Ku ɗauki mai unguwa ku zagaya da ƙafa, ku rubuta kowane babban itace da fulotin da yake ciki. Sannan a nemi mai filin tun kafin ya sauke bulo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan magini ya riga ya ja igiya, magana ta ƙare. Yawancin masu sarewa ba mugunta ce ke sa su ba, tsoron saiwa ne kada ta fasa harsashin gini. Tsoron nan yana da tushe idan ceɗiya ce ko gamji ko durumi a jikin katanga. Amma sau da yawa itacen yana gefe ne, inda za a iya karkata katanga kaɗan ko a bar shi a ƙofar gida ya zama wurin zama. Gawo kuwa ina roƙo a yi masa gata na musamman: shi ne ke zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, wato yana ba da inuwa daidai lokacin da Kebbi ke ƙuna. Idan dattijai da liman suka je wa mutum da ladabi, da wuya ya ƙi. Ai hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi.

Sai kututture. Ku duba filayen da ba a gina ba da gefen maƙabarta da harabar makaranta, za ku ga kututturan aduwa, magarya, kalgo da sabara suna fitar da tofo kowace shekara, ana sassabe su ana ƙonawa. Saiwarsu tana raye a can ƙasa. A zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a bari, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, a riƙa gyarawa. Ba sai an ba shi ruwa ba, kuma ya fi dashe saurin tashi nesa ba kusa ba. Da wannan dabara manoman Maradi da Damagaram suka farfaɗo da gonakinsu tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara yaɗa ta, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwan sama.

Dashenku na bara ya mutu ne saboda na kowa ne, babu wanda za a tambaya. Bana kada ku dasa ko ɗaya sai a ƙofar gidan da aka ce "mun ɗauka". A dasa bayan ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a kewaye da ƙayar magarya ko tsofaffin bulo ranar da aka dasa, ba washegari ba. Daga Maris zuwa Mayu ake rasa su, don haka a karkata ruwan alwala na masallaci da na gida zuwa gindinsu. Ashirin da suka rayu sun fi ɗari biyar da aka yi bikin dasawa. Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa don tare kwararowar hamada, ya shafa, kuna iya rubuta wa ofishinsu ko malaman daji na ƙaramar hukuma ku nemi iri. Kada dai ku cika unguwa da dogon yaro kaɗai. Yana jure fari, amma ku haɗa da kanya, tsamiya da kuka.

Tsuntsaye da ƙananan namun daji suna bin itace ne, inda babu wurin sheƙa ba za su zauna ba. Shamuwa manyan itatuwan cikin gari take nema idan ta zo da farkon damina. Jemagu da ake kora da hayaƙi su ne ke kai garin fure daga wata kuka zuwa wata da dare, haka ma ɗorawa; a rasa su, 'ya'ya su ragu, kalwa ta yi tsada. Mujiya da ake jifa saboda camfi ɓeraye take ci. Wannan aikin malaman makaranta da na Islamiyya ne, su zaunar da yaran da ke yawo da danƙo su nuna musu.

Ungulu ce ta fi damuna. Tun 2015 aka sa irin wadda muka sani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ana kama ta don sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu, kuma tana mutuwa idan ta ci mushen da aka sa wa guba don kashe karnuka. Ku sa mai unguwa ya yi shela a hana zuba guba a mushe, a kuma sanar da sarkin fawa.

Masu saran itace da gawayi kuwa kada ku mai da su abokan gaba, abinci suke nema. Ku jawo su cikin kwamitin, a yarda cewa rassan da ake ragewa bayan kaka nasu ne, su kuma su bar gindi. Wanda ya karya wannan yarjejeniya a kai maganarsa gaban hakimi, kada matasa su ɗauki hukunci a hannunsu.