Tambaya da Amsa: Makara da Fashin Makaranta a Firamare

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan damuwa guda: yaron da ba ya isa makaranta a kan lokaci, da wanda ke yawan fashi. Mun zaɓi biyar, malaman firamare da ma'aikatan lafiyar yara suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa bakwai, yana aji biyu. Ƙarfe 8:00 ake shiga aji, amma kullum sai takwas da kwata yake isa. Ina tashinsa tun 6:30, sai na yi ta fama kafin ya miƙe. Na yi faɗa, na yi lallashi, abin ya ƙi. Ina mafita? — Daga wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da za mu fara tambayarki shi ne, ƙarfe nawa barci yake ɗaukarsa? Lokacin da ya hau gado daban, lokacin da ido ya rufe daban. Likitocin barci sun yi ittifaƙi cewa yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Idan za ki tashe shi 6:30 kuma kina son ya samu awa goma, to 8:30 na dare ta same shi yana barci, wato ya kwanta tun wajen 8:10. Yaron da ke kaiwa ƙarfe goma ido biyu, da safe jikinsa ne ke ƙin tashi, faɗa kuwa ba ya biyan bashin barci.

Kada ki ce a dare ɗaya za ki mayar da shi daga ƙarfe goma zuwa takwas da rabi. Zai kwanta yana juye-juye ne kawai, ku ɓata wa juna rai. Ki riƙa jawo lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku. Hawa shida ke nan, cikin mako biyu zuwa uku kun isa. A kashe talabijin, a karɓe waya awa ɗaya kafin kwanciya, a rage hasken ɗaki. A ranakun da babu makaranta kada tashinsa ya wuce na kullum da fiye da awa ɗaya, in ba haka ba, aikin mako guda ya rushe a kwana biyu.

Sai lissafin safiya, kuma daga ƙarshe ake faro shi. Ana shiga aji 8:00, to ki sa 7:45 a matsayin lokacin isa. Ki auna hanya da agogo a safiyar ranar makaranta, kada ki yi kintace, domin hanyar da ke cin minti goma da rana tana iya cin ashirin da safe. A ce ashirin ɗin ce, ki ƙara biyar saboda tsautsayi, fita ta kama 7:20. Tsakanin 6:30 da 7:20 kina da minti hamsin: sha biyar na bayan gida da wanka, goma na sa kaya, sha biyar na karin kumallo, biyar na takalmi da jaka, biyar su rage a hannu.

Ki ɗauki takarda da biro safiya uku a jere, ki rubuta lokacin da kowane abu ya fara da lokacin da ya ƙare. Za ki ga inda lokacin ke zurarewa, kuma yawanci wuri ɗaya ne ko biyu: neman ƙafar safa, aikin gidan da ba a gama ba, guga, takardar da malami ya ce a sa hannu. Duk waɗannan aikin dare ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya kwanta a rataye yunifom, a sa safa cikin takalmi, shi da kansa ya shirya jakarsa bisa jadawalin gobe, a ajiye komai wuri guda kusa da ƙofa.

Kalmar "yi sauri" ba ta da ma'ana ga ɗan shekara bakwai. Ki nuna masa agogon bango ki ce, "Idan dogon hannu ya hau kan huɗu, mun fita." Jerin ayyukan ma kada ya riƙa sauyawa, har ya zame masa jiki.

Kwatan awar nan kada ki raina ta. A shekarar karatu mai kwana 180, minti 15 kullum ya zama minti 2,700, wato awa 45, kuma daga darasin farko ake yankarsu, inda makarantu da yawa ke sa karatu ko lissafi.

Idan ya samu awa goma cikakku amma har yanzu yana tashi a gajiye, yana minshari mai ƙarfi, yana kwana baki buɗe, ko yana gyangyaɗi a aji, ki kai shi asibiti. Kumburin ƙullutun maƙogwaro da ƙarancin jini duk suna jawo haka, kuma suna da magani.

Tambaya: 'Yata tana aji ɗaya. Takan yi fashin kwana ɗaya ko biyu a wata, wani lokaci don tafiya, wani lokaci don baƙi. Mahaifiyarta ta ce a wannan ajin ba wani abin kirki ake koya ba. Gaskiya ne? — Daga wani uba

Amsa: Malam, da yayyafi kogi kan cika. Ma'aunin da masu nazarin ilimi suka fi amfani da shi shi ne, yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu ya shiga sahun masu fashi mai tsanani. A shekara mai kwana 180, kwana 18 ke nan, wato kwana biyu kacal a wata har wata tara. Ko da uzuri ko babu, darasin ya wuce ta.

Aji ɗaya kuwa shi ne ajin da fashi ya fi ciwo. A nan ake koyar da baƙaƙe da wasula da yadda ake haɗa su, kowane mako yana hawa kan na baya. Yarinyar da ba ta nan ranar da aka koyar da wani harafi za ta ci karo da shi a kowane shafi bayan haka. Sai karatu ya fara yi mata nauyi, ta fara ƙin zuwa, fashi ya haifi fashi.

Iyaye kan ɗauka kwanakin ba su kai yadda suka kai ba, don haka ka rataye kalanda ka riƙa zagaye duk ranar da ba ta je ba. Ƙarshen wata ka nemi malamin aji ya duba maka rajista ku gwada. Tafiya da ziyara a kai su hutu, ganin likita na yau da kullum a nemi lokacin bayan tashi. Ran da fashi ya zama dole, ka tambayi malami shafin da aka yi, ku zauna minti goma sha biyar da yamma ku bi shi tare.

Tambaya: Kusan kowace safiya ɗana ɗan aji uku sai ya ce cikinsa na ciwo, har da kuka. Idan na bar shi a gida, kafin hantsi ya warke yana wasa. Ranar hutu ba ya yi. Mun je asibiti an ce lafiyarsa ƙalau. Ƙarya yake yi? — Daga wata uwa

Amsa: 'Yar'uwa, da wuya ya zama ƙarya. Fargaba tana murɗa cikin yaro da gaske, tana sa ciwon kai da tashin zuciya, sannan ta lafa da zarar an ce ba zai je ba. Tunda likita ya duba shi, aikin da ya rage shi ne gano abin da yake tsoro.

Kada ki tambaye shi da safe yana cikin kuka. Ki bari da yamma kuna zaune, ki bi ranar makaranta daki-daki: hanya, bakin ƙofa, taron safe, aji, lokacin tara, bayan gida, hanyar dawowa. Ki ce, "A ina ne ba ka jin daɗi?" Tambayar "Me ya sa ba ka son makaranta?" ta yi masa girma, amsarta ita ce shiru. Abubuwan da aka fi samu su ne cin zalin wani yaro, tsoron duka ko tsawar wani malami, kunyar a tashe shi karatu alhali bai iya ba, bayan gida mai ƙazanta da yake ƙyama, ko damuwa da wani abu a gida kamar rashin lafiyar uwa, sabon haihuwa ko rigima. Ki kuma sa a gwada idonsa da kunnensa. Yaron da ba ya ganin allo sosai bai san sauran suna gani ba, ɗauka yake shi ne daƙiƙi.

Ki duba ko ciwon ya fi tsanani a wata rana ta mako. Idan haka ne, ki buɗe jadawalin darussa ki ga me ake yi ranar.

Ana cikin binciken nan, ya ci gaba da zuwa. Wannan shi ne wuri mafi wuya ga uwa, mun sani, amma kowace ranar da ya zauna gida tana koya wa jikinsa cewa gudu ne magani, komawa ta ƙara tsauri. Ki sanar da malamin aji, ku shirya wani babba da yaron ya yarda da shi ya tare shi a ƙofa. Sallamarku ta zama gajera, kuma kada ki sulale ba tare da ya sani ba. Ki faɗa masa wanda zai zo ɗaukarsa da lokacin, a kuma cika alkawari. Idan ya riga ya daɗe a gida, a fara da darasi biyu na farko, a riƙa ƙarawa cikin mako guda ko biyu. Ran da dole ya zauna gida, babu talabijin babu waya har lokacin tashi ya yi. In mako biyu suka wuce babu sauƙi, ko ya fara rama, ko ciwon yana tashinsa cikin dare, ku koma wurin likita.

Tambaya: Wace rashin lafiya ce ta isa a hana yaro zuwa? — Daga wata kaka

Amsa: Hajiya, zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafi, ya zauna har ya yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da maganin sauke zafi ba. Amai ko gudawa, a jira awa 48 bayan na ƙarshe. Ƙarambau, sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, kamar kwana biyar daga fitowarsu. Ƙurajen da ba a san kansu ba tare da zazzaɓi, da numfashi sama-sama, asibiti za a nufa. Mura da ɗan tari kuwa, in yana ci yana wasa, ya tafi da hankicinsa.

Idan jikanki yana yawan kasala da ciwon ciki, ki tambayi ma'aikatan lafiya batun tsutsar ciki. Binciken da Edward Miguel da Michael Kremer suka wallafa a 2004 kan makarantun firamare a Kenya ya nuna ba da maganin tsutsa ya rage fashi da kashi ɗaya cikin huɗu.

Tambaya: Ni malamin aji huɗu ne. A makarantarmu ana rufe ƙofa da an buga ƙararrawa, masu latti su durƙusa ko su yi shara har darasin farko ya wuce. Shekaru muna haka, yaran nan dai su ne. Me za mu sauya? — Daga wani malami

Amsa: Malam, ka riga ka faɗi hukuncin da bakinka: shekaru ana yi, fuskokin ba su sauya ba. Yaron da ya makara minti goma, horon ya mayar da asararsa darasi guda. Mafi muni, yara suna lissafi. Wanda ya hango ƙofa a rufe, gobe in ya ga ya makara sai ya laɓe a hanya har a tashi, latti ya koma fashi. Ga kuma cewa ɗan firamare ba shi ke riƙe da agogon gidansu ba.

A bar ƙofa a buɗe, a sa malami ɗaya da littafin latti. Ya rubuta suna, aji, lokacin isowa da dalili a kalma biyu ko uku, yaro ya wuce aji cikin minti ɗaya. Bayan mako biyu ku zauna da littafin. Za ku tarar yara kaɗan ne ke ɗauke da yawancin lattin, kuma dalilansu sun rabu gida-gida: nisa da abin hawa, aikin gida kafin fitowa, raka ƙanne wata makarantar, barci, da tsoro. Kowanne da maganinsa. Masu nisa da ke unguwa ɗaya a haɗa su su riƙa tahowa tare da babba guda, da wurin haɗuwa da lokaci tsayayye. Mai aikin safe, da iyayensa za a yi magana a mayar da aikin yamma.

Rajista a kira ta cikin minti goma na farko, a bambanta alamar latti da ta fashi. Yaron da bai zo ba kuma ba a aiko ba, a tuntuɓi gidansu ran nan kafin azahar, domin wani lokaci iyaye sun san ya fito, ba su san bai isa makaranta ba. Latti uku a mako biyu, ko fashi biyu a watan farko na zango, ya isa a gayyaci iyaye. Ka fara da gaisuwa da alherin yaron, sannan ka nuna musu adadin kwanakin a rubuce, ka tambaye su, "Me ke hana shi isowa, kuma da me za mu taimaka?" Ku tsayar da abu ɗaya da za a gwada, ku sake haɗuwa bayan mako biyu.

Kyautar "bai taɓa fashi ba" ta ƙarshen shekara ba ta taɓa yaran da kake nufi, domin tun watan farko sun fita daga gasar, tana kuma sa a turo mai zazzaɓi aji. Gara a yaba wa wanda ya fi samun ci gaba kowane mako, ko ajin da ya fi cika a kan lokaci. Yaron da ya fi makara kuwa, ka ba shi aikin da ba a yi sai kafin ƙararrawa, kamar goge allo, rubuta kwanan wata ko raba littattafai, ka gaya masa ajin na jiransa. Kai ma ya same ka a bakin aji minti biyar kafin lokaci, ka kira sunansa ka amsa gaisuwarsa.