Yaya, ga dalilin da muke tambayar baƙo abin da ba ya ci

Yaya, na saurari saƙon muryarki har da dariyar ƙarshe. Kin ga katin walimar Sallarmu, kin ga an rubuta a ƙasa wai kowa ya faɗi abin da ba ya ci da ko yana son a ajiye masa wuri kusa da ƙofa, shi ne kika ce ko asibiti muka buɗe. Kika ce a Kano duk wanda ya tambayi baƙo ko zai ci abinci, rowa ce ke damunsa. Gaskiyarki. Ni ma da na zo Birmingham, nan Ingila, haka na ɗauki abin, har na yi ta tsegumi.

Ki fara sanin cewa a nan ranar Sallah ba hutu ba ce. Ana sallame Idi a filin Small Heath, wani ya cire babbar riga a mota ya wuce aiki. Ranar ma ba ɗaya ba ce, wasu masallatan na bin Saudiyya, wasu na jiran ganin watan Maroko. Rago kuwa ba ka isa ka kayar da shi a bayan gida ba, sai mayanka mai lasisi, ka je wurin mahauci ka karɓo namanka. Yawon Sallah gida-gida babu shi, domin wani yana Coventry, wani yana Wolverhampton. Saboda haka muke haɗa kuɗi mu kama zaure ɗaya ranar Asabar ɗin da ta biyo baya. Wanda bai samu zuwa ba, shi da Sallah sai baɗi. Ba yaron da zai bi shi da kwanon tuwo, ba maƙwabciyar da za ta leƙo.

Maganar abinci gyada ce ta jawo ta. Wani yaro haihuwar nan ya ɗauki tsinken tsire a wata walimarmu, kafin a ankara leɓensa ya kumbura, numfashi na neman gagararsa. Allah ya sa uwar tana da EpiPen a jaka, allurar gaggawa ta waɗanda jikinsu ke ƙin wani abinci, ta caka masa a cinya, aka kira lambar agajin gaggawa 999. Ya tashi, alhamdulillahi. Amma daren nan ban runtsa ba, ina ta lissafin girkinmu. Yajin tsire ƙuli ne. Kilishi da tunkuza ake labe shi. Miyar taushe gyada, dambun nama man gyada, ga kunun gyada, ga alewar da ake raba wa yara. Wanda ya tsere wa gyada ya faɗa kantun riɗi. Mu da muka tashi a kanta ba ma ganinta ma, kamar gishiri take.

Dokar ƙasar nan ta lissafa abubuwa 14 da dole mai sayar da abinci ya bayyana, gyada da riɗi da madara da ƙwai duk suna ciki. A watan Oktoban 2021 aka ƙara tsaurara ta, sanadin wata yarinya 'yar shekara 15 da ta rasu a 2016 bayan ta ci burodin da ke da riɗi ba a rubuta ba. Dokar ta 'yan kasuwa ce, ba ta hau kanmu ba, mu ne dai muka ara. Yanzu kowace kula da takardarta a jiki. Abin da ba gyada teburinsa daban, ludayinsa daban, kuma mutum ɗaya ke tsaye a kai, don ludayin da ya shiga taushe ya koma shinkafa ya gama ɓarna. Zoɓo ma kashi biyu ne, da mai suga da na masu ciwon suga. Yaji a gefe yake saboda surukanmu Turawa da yaran da ba su saba ba, dattawa na ta mita wai an mayar da miya ruwa. Su barbaɗa da hannunsu mana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki. Zauren da muke kamawa a da a saman bene yake. Samari huɗu suka ciccibe shi da kekensa suka haura, kowa na sa musu albarka, mu a ganinmu an yi zumunci. Sallar da ta biyo bai zo ba. Sai matarsa ce ta gaya mini a ɓoye cewa ya ce ba zai sake yarda a ɗauke shi kamar buhu a gaban surukansa ba, kuma yinin nan ko ruwa bai sha ba don bai san yadda zai yi da banɗaki ba. Kunya ta rufe ni. Tun daga nan ba ma biyan kuɗin zaure sai wani ya je da ƙafarsa ya duba: a ƙasa yake? Keke zai shiga ƙofar? Akwai banɗaki mai faɗi da abin riƙewa? Dokar daidaito ta 2010 ta ɗora wa masu wuraren jama'a su yi gyara gwargwadon iko, amma tsofaffin gine-gine sun yi yawa, gani ya kori ji. Masu sikila kuma nesa da ƙofa muke zaunar da su, kin san ciwon da sanyi ba sa ga maciji, garin nan kuwa ko a watan Yuni iska na iya juyawa.

Akwai ƙaramin ɗaki da muke warewa, ba lasifika, ba turaren wuta. Na yara masu otizim ne, waɗanda hayaniya ke firgita su. Wata baiwar Allah ta yi shekaru ba ta zuwa taro saboda ɗanta kan toshe kunne ya yi ta ihu, mutane kuma su zuba mata ido, wata har ta ba ta shawarar ruƙiyya. Kada ki ji haushina, Yaya, amma a gida ma akwai irin yaran nan, a ƙuryar ɗaki suke yin Sallarsu. Bana yaron nan ya yi kusan awa uku tare da mu, yana shiga yana fita, uwarsa ta ci abinci a zaune.

Ke ba kya tambaya domin kin san kowa. Kin san Inna ba ta cin gishiri, kin san wanda ƙafarsa ba ta kai shi zaure. Mu kuwa daga Zariya, Damagaram, Kumasi da Garwa muka haɗu, wani sau ɗaya kike ganinsa a shekara, kuma Bahaushe ba zai buɗe baki ya ce yana da larura ba sai an ba shi inda zai rubuta ba a gaban mutane ba.

In mai tahowar nan ta tashi, ki sa a daka mini yaji kashi biyu, ɗaya ba ƙuli, a turmin da aka wanke sosai, ki ɗaura masa jan ƙyalle. Kuka da kuɓewa busasshiya ma sun ƙare. Kilishi kada ki wahalar da kanki, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za su karɓe. Ki gaida Inna da yara.