Kada ku bar musu cocin, 'yar'uwa

'Yar'uwa, da na karanta cewa an hana ku yin sujada da Hausa a babban ɗakin coci, an ce ku sauka ɗakin ƙarƙashin ginin, har kina tambaya ko ku haƙura ko ku tashi, sai da na yi hawaye. Mu ma mun sha wannan a nan New York.

Ranar baftismar ɗana ce. Mun ɗinka anko, mata sun kwana suna suyar cincin, mahaifiyata ta taso takanas daga Zariya. Wata mata 'yar kwamiti ta tare ƙofa da makullai a hannu, ta ce gangarmu tana damun jama'a. Ko kallon jaririn ba ta yi ba. Muka gangara ƙasa, kan kujerun ƙarfe, kusa da injin ɗumama gini. Mama ta rufe fuska da gyale, ba ta ce uffan ba har muka koma gida. Na yafe wa matar, amma har yau ƙarar makullan nan tana kunnena.

Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne cocin Our Lady of Mount Carmel da ke titi na 115 a Harlem ta Gabas. An fara gina shi a 1884, 'yan Italiya masu ci-rani sun sa guminsu a ginin, amma da aka gama sai aka tura su ƙasa, su da mutum-mutumin Uwarmu Maryamu da suke girmamawa. Ba su tashi ba. Duk 16 ga Yuli, ranar bikinta, sai su cika titi da kyandir, wasu ba takalmi. A 1904 aka naɗa wa mutum-mutumin kambi da izinin Fafaroma, amma sai 1923 ya hau sama. Kusan shekara 40 ke nan!

Don haka ku zauna. Kowane gida ya yi rajista da sunansa, baiko ya shiga ambulan, a san da ku. Ku je wurin Fada kai tsaye, ku da dattawanku, kada ku aika saƙo ta bakin 'yan kwamiti. Kuma don Allah ku koya wa yara waƙoƙinmu, nawa ya fara mantawa, abin yana ci mini rai.

In kina kusa, ki zo Harlem a watan Yuli mu je tare, ki ga yadda 'yan Haiti ke cika cocin yanzu.