Tambaya da Amsa: Masu Kwana a Barandar Masallaci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mutum huɗu ne ke kwana a barandar masallacinmu. Shekara biyu muna ba su sadaka, ba abin da ya canza. Me kwamitinmu zai yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah Ya saka muku. Ni ma na daɗe ina miƙa sadaka in wuce, sai wata asuba na ga wani dattijo yana naɗe kwalin da ya kwana a kai, yana tura shi bayan ƙofa don kada masallata su gani. Har yau abin na tsaye a raina.

Ku fara da ɗaki. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya kafa wani shiri a New York, inda ake ba mutum muhalli tukuna, ba da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ko ya sami aiki ba. Ƙasar Finland ta rungumi tsarin a 2008, masu kwana a titi suka ragu ƙwarai. Wanda bai san makwancinsa ba, ina zai iya riƙe aiki ko shan magani kan lokaci?

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ahlus Suffa, wato sahabbai matalauta marasa muhalli, a masallacin Annabi (SAW) suka zauna, har da Abu Huraira, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba matalauta da ɗan hanya rabo cikin zakka.

Ku zauna da kowane ɗaya cikin mutum huɗun nan, ku ji abin da ya fito da shi. Ku haɗa kuɗin hayar shekara, in akwai coci kusa ku gayyace su su sa hannu. Sannan ku wakilta mutum ɗaya ya riƙa leƙa mutanen huɗu duk mako.